Turaren Maison Francis Kurkdjian: Mallakar Wa Ne Yanzu?

Tambaya: Ina son sayen turaren Baccarat Rouge 540, amma an ce mini an sayar da kamfanin da ke yin sa, don haka ingancinsa ya ragu. Wani ɗan kasuwa kuma ya nuna mini kwalba mai mililita 100 da araha. Shin in saya?

Amsa: Malama, maganar sayarwar gaskiya ce, sai dai ba ta kai yadda aka faɗa miki ba. Francis Kurkdjian, wanda aka haifa a Paris a 1969 kuma asalin iyayensa Armeniyawa ne, ya yi suna tun a 1995 da ya haɗa turaren Le Male na Jean Paul Gaultier. A 2009 shi da abokinsa Marc Chaya suka kafa nasu gidan turaren, suka sa masa sunan Kurkdjian; shi ne gidan da ke yin Baccarat Rouge 540. A 2017 kamfanin LVMH na Bernard Arnault, mai Dior da Louis Vuitton, ya sayi mafi yawan hannun jarin gidan, amma Kurkdjian bai bar shi ba, kuma ko da aka naɗa shi shugaban haɗa turarukan Dior a 2021 ya ci gaba da kula da nasa. A ganina, muddin hancin da ya ƙirƙiri turaren yana nan, canjin mai kuɗi bai isa ya sa ki fasa ba.

Shi wannan turare an fara yin sa ne domin bikin cika shekara 250 na Baccarat, masu sana'ar gilashi mai daraja tun 1764, kuma lambar 540 tana nufin zafin wutar da ke mayar da gilashinsu ja.

Kwalbar da aka nuna miki ita ce ta fi damu na. Gidan yana sayar da wannan turare a mililita 35 da 70 da 200, saboda haka mai 100 alama ce ta jabu, kuma arahar ta ƙara tabbatar da hakan. Kada ki ba da kuɗinki. Ki nemi amintaccen shago, ki fesa kaɗan a fatarki ki wuni da shi, domin wasu hancinsu yakan daina jin ƙamshinsa bayan ɗan lokaci alhali na kusa da su suna ji. In ya dace da ke, ki fara da ƙaramar kwalba mai 35.