Rabuwar da ba ta rage gado

Wata ɗaliba daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ta rubuto tana cewa malaminsu ya koya musu darasin da ake kira mitoz da Faransanci, amma da ta zo bayyana wa kakarta ta ce "ƙwayoyin jiki suna rabuwa", sai tsohuwar ta yi salati, ta ɗauka wata cuta ce. Tana tambaya ko "rabuwa" ita ce kalmar da ta dace.

'Yata, kakarki ta ji Hausa daidai. A bakin Bahaushe rabuwa tana tafe da rashi: rabuwar aure, rabuwar zumunta, ko rabon gona tsakanin magada, inda kowa yake tashi da yanki ƙasa da abin da uban ya bari. Abin da ke faruwa a jiki ya saɓa wa wannan, domin kafin ƙwayar halitta ta tsage gida biyu, sai ta kwafe dukan gadon da ke cikinta, wato zarurrukan nan 46 da ake kira kuromozom, ta jera su a tsakiya, sannan ta ja kashi ɗaya gabas, ɗaya yamma. Kowace daga cikin 'ya'yan biyu tana fita da 46 cif. Saboda haka ni na fi son a ce "rabuwar hayayyafa", ko a ce ƙwayar ta ninku, don mai sauraro ya ji ƙaruwa a cikin maganar. Ita kanta mitoz daga kalmar Girkanci take mai nufin zare, kuma Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa sunan a 1882, saboda zarurrukan da ya gani.

Ina kuma ganin mun fi Turawa dacewa da suna. Robert Hooke na Ingila, da ya leƙa ɓawon itace a madubin ƙara girma a 1665, ƙananan ɗakuna ya gani, ya kira su ɗaki, kuma har yau kalmar da ake kiran ƙwayar halitta da ita a Faransanci tana nufin ɗakin kurkuku ma. Mu kuwa muka ce ƙwaya, irin ta gero, abin da ake bisnewa ya tsiro ya haifi zangarniya.

Ki faɗa wa kakarki cewa da wannan rabuwa ne jariri yake girma daga ƙwaya guda, da ita ne kaushin ƙafa yake warkewa in ya tsage, kuma da ita ake mayar da jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba sa wuce kwana 120 ko kusa da haka. Cutar da ta ji tsoro tana nan, amma sai rabuwar ta kuɓuce wa linzami, ƙwayoyi suna ta ninkuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji ko sankara.

Kin kuma tambayi ma'anar "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Ana faɗarta ga ɗan da bai ɗauko kyawun halin iyayensa ba, domin ruwa mai daɗi aka ba albasa ta fito da yaji. Karin maganar tarbiyya take nufi, sai dai ta fuskar kama da siffa akwai wata rabuwa ta biyu, wadda zan kira "rabuwar ragi": maniyyi da ƙwan mace kowanne 23 kawai yake ɗauka, bayan an cuɗanya gadon kakanni, shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama kamar an tsaga kara, sai fa tagwayen ƙwai ɗaya. In kina son ganin rabuwar hayayyafa da idonki, ki ɗora albasa a bakin kofin ruwa kwana uku ko huɗu, ki yanko ƙarshen farin saiwar da ta fito ki kai wa malaminku ya rina ya sa a madubi; a wannan ɗan tsinin ne ƙwayoyin suka fi saurin ninkuwa.