Hukuncin rufa asirin ma'aikacin asibiti a binciken kuɗi

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mai binciken kuɗi ne na gwamnati. An tura ni wani ƙaramin asibiti cikin birnin Kano, na tarar littafin sito ya nuna an raba maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta, alhali masu jinya kemis ake tura su. Shugaban wurin ya ba ni ambulan, ya ce kuɗin mai ne, ya roƙe ni in rufa masa asiri don yana da iyali. Idan na rubuta gaskiya, na saɓa wa hadisin suturta Musulmi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, ambulan ɗin nan haramun ne, ka mayar masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo aka yi masa lissafi, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Kai ma da ba biro ne a hannunka ba, da ba wanda zai tuna da man motarka. Hadisin ya kuma nuna aikinka yana da asali a Sunna.

Suturtawar da aka kwaɗaitar da ita ta shafi zunubin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Nan kuwa haƙƙin jama'a ne. Uwar da ta goyo yaro jikinsa kamar wuta, aka ce mata magani ya ƙare, ta fito tana kwance bakin zani ta ga kuɗin ba su kai ba, ita ce mai haƙƙin, kuma ba ta ba ka izinin yafewa ba. Wallahi wannan abu yana ci mini rai. Allah ya hana ɓoye shaida a Baƙara aya ta 283, ya kuma ce wanda ya yi gululu, wato ɗaukar dukiyar jama'a a ɓoye, zai zo da abin da ya ɗauka ranar ƙiyama, a Ali Imrana aya ta 161.

Rubuta rahoton wajibi ne a kanka, ba annamimanci ba ne. Sashe na 125 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha kai rahotonsa Majalisar Dokoki, shi kuwa da idonku yake gani.

Amma ka yi adalci. Ka ƙirga kwalayen da hannunka, ka gwada da takardun karɓa, ka ji ta bakinsa, domin kuskuren lissafi daban, sata daban. Abin da ka tabbatar kaɗai za ka rubuta, kada ka kai shi Facebook. Idan aka danne rahoton, ka kai wa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano.

Wallahu a'alam.