Libarbar kaka a akwatin gado: nawa take yi, wa za a sayar wa?

Tambaya daga wani mai karatu a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa:

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar sallah. Da muka zo rabon gado aka fasa wani tsohon akwatin ƙarfe na kakanmu, wanda ya je yaƙin Bama. A ciki muka tarar da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, naɗe cikin tsumma, da kubenta na fata, da harsashi huɗu, lambobin yabo biyu da wani ɗan littafi na soja. A jikinta an rubuta WEBLEY MARK VI da 1917, ga kuma wata alama kamar sawun kaza. Wani daga birni ya taya ta naira dubu ɗari huɗu, wani kuma ya ce a Turai miliyoyi take yi. Mu tara ne magada. Nawa ne ainihin kuɗinta, kuma ta ina ake sayarwa?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku, ya ba ku haƙuri.

Kafin komai, kada ku sallama wa mutumin birnin nan, kada kuma ku ƙara nuna ta ga kowa. Zan zo kan dalili, amma bari in fara gaya maka abin da ke hannunku, tunda shi ka tambaya.

Kamfanin Webley & Scott na birnin Bamingham a Ingila ne ya ƙera ta. Sojan Ingila sun fara riƙe libarbar Webley tun 1887, ita kuma wannan ta shida a jerin, Mark VI, an shigo da ita 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Bakinta inci shida ne, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, tana cin harsashi shida mai lamba .455. Karyewa take yi daga sama idan za a ɗura mata harsashi. A ƙasan mariƙinta za ka ga wani zobe, nan ake ɗaura igiya a rataya a wuya don kada ta faɗi. Sawun kazar da ka gani kan kibiya ne, hatimin gwamnatin Ingila a kan kayanta. Wato tun asali ba kayan kasuwa ba ce, kayan soja ce.

A rundunar Afirka ta Yamma, ƙaramin soja doguwar bindiga mai lamba .303 ake ba shi. Libarba galibi ta hafsoshi ce, su kuwa a lokacin Turawa ne. Mai yiwuwa wani hafsan da kakanku ya yi wa aiki ne ya bar masa ita, ko kuma ya tsince ta a fagen daga ya yo tsaraba.

To batun kuɗi. Masu tara tsofaffin makamai a Amurka da Ingila abubuwa kaɗan suke dubawa, amma duba na ƙwaƙƙwafi. Na farko lambar jiki: akwai ta a gangar jikin, a bututun, da kuma kan gangar da harsashi ke zama. Idan duk uku suka zo ɗaya, ba a yi mata haɗe-haɗe ba ke nan. Sai launin asali, wannan baƙin mai ɗan shuɗi da aka yi mata a masana'anta, nawa ya rage. A nan mutanenmu suke tafka asara. Mutum ya ga tsatsa, sai ya ɗauko samfefa ko toka da lemon tsami ya dirje ta har ta koma fara tas, yana ganin gyara ya yi, alhali ya kankare hatimai ya zubar da mafi yawan darajarta. A wurin mai tara kayan tarihi, tsohuwar fuska mai tabo ta fi wadda aka goge. Suna kuma leƙa cikin bututun su ga ko tsatsa ta cinye zanen da ke murɗe a ciki, su duba mariƙin ko na asali ne, su duba ko an taɓa ta da injin. Da yawa daga waɗanda aka kai Amurka bayan yaƙi an aske musu bayan ganga don su ci harsashin can, waɗannan kuɗinsu ya faɗi. Akwai kuma na jabu da maƙeran yankin Kaiba, kan iyakar Pakistan da Afganistan, suka daɗe suna bugawa har da rubutun Webley a jiki, sai ka ga harafi a juye.

Ko da komai ya cika, Mark VI ba abu ne mai wuyar samu ba, domin an ƙera fiye da dubu ɗari. A gidajen gwanjo na can, irin Rock Island a Amurka ko Holts a Ingila, wadda ba ta da wani tarihi na musamman takan tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubu ɗaya da 'yan kai. Wadda take wuce haka ita ce mai takardun da suka tabbatar wani sanannen hafsa ne ya riƙe ta. Saboda haka wanda ya ce maka miliyoyi bai yi ƙarya gaba ɗaya ba idan aka juya dala zuwa naira. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba ku da hanyar halal da za ku kai ta can, kuma ko a Ingila ba a ɗaukar ta tsohon kayan ado da kowa zai ajiye, sai mai izini na musamman.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa 1959 kuma take aiki har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta mafarauta da ta masu buɗa wa sarki a hawan sallah tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta, Sufeto Janar ke ba da lasisinsu. Libarba da fistol kuwa suna rukunin farko, na haramtattun makamai, layi ɗaya da mashinga da gurneti, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Dokar ba ta ce ban da tsohuwa ba. Hasali ma ta ambaci har fistol mai ƙanƙara ta zamanin da. Wanda aka kama da ita ba lasisi, hukuncin da aka tanada ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Cinikin bindiga kuma sai dillali mai rajista. Lasisi ba ya shiga gado: ko da kakanku yana da shi, kwana 14 kacal doka ta ba magada bayan rasuwar mai lasisi. Harsashin nan huɗu ma laifi ne mai zaman kansa.

Yanzu ka tambayi kanka: mutumin da ya zo da dubu ɗari huɗu, a bango zai rataye ta? A ƙasar nan babu kasuwar masu tara libarba. Ko harsashinta bai samu ba, nuna ta kawai ya isa a ƙwace wa ɗan acaba babur a hanyar kasuwa. Ranar da aka kama shi kuwa, kafin ya sha mari na biyu zai ce a gidan wane ya saya, ga ƙauyen, ga sunan babban ɗa. Dubu ɗari huɗu a raba wa mutum tara, kowa bai tashi da dubu hamsin ba, kuɗin da bai kai na ɗan akuya mai kyau ba.

Abin da nake ba ku shawara shi ne wannan. Ku bar ta a yadda take, a mayar cikin akwati a sa kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya. Kada wani ya taɓa kunamarta, kada a gwada harbawa don a ga ko tana yi. Harsashin da ya shekara tamanin yana iya yin shiru, yana iya tashi bayan ka ɗauka ya mutu, yana kuma iya maƙalewa a bututu. Kada a ɗora hotonta a Facebook ko WhatsApp, domin ba masu saye kaɗai ke kallo ba. Ka kwafe lambar jikinta da duk rubutun da kake iya gani a takarda ba tare da ka kwance komai ba.

Daga nan ka sami dagaci, shi ya sanar da hakimi, ka kuma nemi lauya ko da na ɗan kuɗi kaɗan ne. Lauyan ya rubuta wa DPO takarda, da kwafi zuwa ga kwamishinan 'yan sanda a Dutse, cewa an tsinci abu kaza cikin kayan gado ranar kaza, ana so a zo a karɓa. Su su zo gida su ɗauka a gaban dagaci. Kada ka saka ta a buhu ka hau babur da ita, domin idan aka tare ka a shinge ba wanda zai saurari labarin kakanka. Ku karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi, wadda aka rubuta lambar bindigar da adadin harsashi a ciki, ku yi mata hoto ku adana. Kada ku yi jinkiri, tunda magana ta riga ta fita har birni.

A cikin takardar lauyan, ku roƙi a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Gidan Makama a Kano yana da tsofaffin makamai a baje, akwai kuma gidan tarihin yaƙi a Umuahia. Ba lallai a amsa ba, kuma kada ku sa ran kuɗi, amma gara ta zauna a gidan tarihi da a ce ta ƙare a wurin da ake lalata makaman da aka ƙwato, aikin da cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa 2021 take yi. Shi kuma malamin da ke raba muku gado, ku gaya masa gaskiyar lamarin don ya fitar da ita daga lissafi, kada wani cikin ƙannenka ya zaci kai ka cinye.

Lambobin yabo, kuben da ɗan littafin nan naku ne, ba wanda zai karɓe. Duba lambobin: idan akwai tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo, lambar yaƙin Bama ce. Littafin kuwa, na fi zaton na sallama daga soja ne, a ciki za ka ga lambar kakanku, bataliyarsa da shekarun da ya yi. Idan yana runduna ta 81, su ne suka bi kwarin kogin Kaladan a 1944. Idan ta 82 ce, Arakan suka yi. Wasu bataliyoyin Najeriya kuma an haɗa su da dakarun Chindit da aka jefa bayan layin Japanawa, sunan da barikin Zariya yake amsawa har yanzu. Kada ku liƙe littafin da roba mai zafi a shagon kwamfuta, tana cinye tsohuwar tawada. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku sa shi cikin ambulan ɗin takarda, nesa da danshi da gara.