Amsa: Shin fanel ɗin thin-film ya fi arha a babbar tashar sola?

Malam, ka tambaya ko thin-film, wato fanel mai siririn shafi, ya fi fanel ɗin silikon da aka saba arha da jure zafi a babbar tasha. A da an yi haka, yanzu lissafin ya canza.

Nau'in thin-film da ake kafa manyan tashoshi da shi shi ne CdTe, wato kadmiyom da teluriyom a shafe jikin gilashi, kamar na kamfanin First Solar. Tashar Topaz ta Kalifoniya, mai megawat 550, da shi aka gina ta, aka kammala a 2014. Amma hasken ranar da yake mayarwa wuta kusan kashi 19 cikin ɗari ne, sabon nau'in fanel ɗin silikon da ake kira TOPCon kuwa yana wuce 22. Murabba'in mita ɗaya ke nan wat 190 a CdTe, 220 a TOPCon. Don samun wuta iri ɗaya sai ka ƙara fili, ƙarfen girke fanel, waya da kuɗin leburori da kusan kashi 15. Nan ribar take zurarewa, balle da farashin silikon na China ya faɗi warwas.

Batun zafi fa? Ana auna fanel a digiri 25. Tsakar rana jikinsa kan kai 65, bambancin digiri 40. CdTe na rasa kusan 0.32 cikin ɗari na wutarsa a kowane digiri, wato kashi 13 a jimlace, tsohon nau'in silikon na PERC 14, TOPCon kamar 12. Fifikon CdTe wajen jure zafi ya ƙare idan aka kwatanta da TOPCon.

A ganina, kada ka tsaya kan farashin wat ɗaya. Nemi lissafin kuɗin kilowat-awa na shekara 25, da kuɗin wanke ƙurar hunturu a ciki, kuma yarjejeniya ta fayyace wa zai kwashe fasassun fanel, saboda kadmiyom guba ne.