Za a sa wa mahaifiyarmu gwiwar ƙarfe, ƙafar za ta sandare?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu shekararta 66, gwiwarta ta dama ta cinye har ƙafar ta fara karkacewa. Likitan ƙashi a asibitin Shika ya ce sai an sa mata ta ƙarfe. Tun ranar ba ta barci, domin akwai wani dattijo a unguwarmu da aka yi wa aiki, yanzu ƙafarsa a miƙe take, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Ita ma haka za ta koma? Yaya za ta yi da sallah? Daga wata 'yar uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ban ga dattijon ba, amma yadda kika kwatanta shi, aikin da aka yi masa daban ne da nata. Shi haɗe gaɓa aka yi masa: a kankare guringuntsin da ya rage, a ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙarfe har su zama ƙashi ɗaya. Ciwo ya tafi, motsi ma ya tafi. A idon sawu ko tsintsiyar hannu aiki ne mai kyau, da yawa ma ba za ki gane su a tafiya ba bayan wata uku zuwa shida. A gwiwa kuwa, yau ba ma yin sa sai dole ta kama.

Hajiya dashe za a yi mata, don ta samu motsi ne. Yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata ake tayar da mutum ya taka da abin dogarawa, zuwa mako shida ya fara yawo da sanda, amma sauƙi na ci gaba da zuwa har shekara. Wani bincike da aka fitar a Ingila a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na dashen gwiwa suna kai shekara 25, na ƙugu kuma kusan 58. Ba zan ɓoye miki ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan saura da ɗan ciwo ko rashin gamsuwa.

Batun sallah, ku shirya mata zuciya tun yanzu. Gwiwar dashe takan lanƙwashe zuwa digiri 110 ko 120, shi kuwa zaman tahiya a kan dugadugai yana neman fiye da haka nesa. Tsayuwa da ruku'u za ta yi, sauran a kan kujera, kuma addini ya ba ta wannan rangwame. Masai na tsuguno ma a canza mata shi da na zama kafin ta dawo gida.

Abin da ya fi damuna ba ku tambaye ni shi ba. Bayan aiki gwiwa takan kumbura ta yi ɗumi har wasu watanni, wannan ba wani abu ba ne. Sai 'yan dubiya su cika ɗaki, wata ta taɓa ta ce, “Ai mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi ƙaho.” Wani ya ce sanyin ƙarfe ne, mai ɗori ya murza. Wani ya kawo yaron kemis ya tsira allura a cikin gaɓar. Kullum muna ganin ƙarshen wannan shawara. Akan kawo mana tsohuwa a bayan Keke Napep, gwiwa da sawun aska jere a gefen ɗinki, an shafe da wani baƙin gari, mugunya na tsatsowa ta ɗan rami. In ka tambaya, kowa ya sunkuyar da kai, a ce ai taimako aka yi.

Wane irin taimako? Ƙarfe ba shi da jijiyar jini. In ƙwayar cuta ta shiga naman jiki, jini yakan kai mata magani da garkuwar jiki. In ta hau ƙarfe kuwa, sai ta lulluɓe kanta da wani yauƙi kamar gansakuka a jikin randa, maganin da ake sha ba ya ratsa shi. Ko an kwashe kantin kemis an ba ta, lafawa kawai zai yi ya dawo. Daga nan sai a sake buɗe gwiwar, a cire dashen da kuka sayar da gona kuka saya, a cusa siminti mai magani, a yi kamar mako shida ana ba da magani, sannan a sake wani dashen idan ƙashi ya saura. Idan bai saura ba, to a nan ne ake haɗe gwiwa, wani lokaci ma a yanke ƙafar. A hannun likita, masu kamuwa da irin wannan cuta ba su wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Askar da ta gama aski da shayi a gari, ita kuwa wa ya san lissafinta? Ban raina sana'ar kowa ba, amma wanzami bai ga hoton gwiwar ba, bai san nisan fata da ƙarfen ba, kuma ranar da abu ya ɓaci ba za ku same shi a bakin tiyata ba.

Don haka a samu mutum ɗaya a gidan, ke ko babban yayanku, wanda ba ya jin kunyar ce wa gwaggo a'a. In Hajiya na da ciwon suga a daidaita shi kafin aiki, a duba haƙoranta da duk wani gyambo a jiki. Kada ta tsallake zuwa wurin masu gashin ƙashi na asibiti, domin mai kwanciya don tsoron zafi shi ne gwiwarsa ke ƙagewa. In kun ga zazzaɓi, ko ɗinki na fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi mata wuya, a ranar za ku kawo ta, ko da tsakar dare ne.