Tambayoyi da Amsoshi: Cire Tsohuwar Windows Daga Kwamfutar da Ke Ɗauke da Guda Biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Agege. Laftof ɗina tokumbo ce, da Windows 7 na saye ta. Daga baya wani mai gyara ya ƙara mini Windows 10 a gefe, duk lokacin da na kunna sai ta tambaye ni wacce zan shiga. Yanzu na fi shekara ban leƙa ta 7 ɗin ba, ga shi wurin ajiya ya cika. Wani abokina ya ce in yi wa ɓangarenta fomat kawai, shi ke nan. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Niyyarka ta rabuwa da Windows 7 daidai ce, domin tun ranar 14 ga Janairu, 2020 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro, kuma Chrome, manhajar shiga intanet, shi ma ya daina sabunta mata daga lamba 109 tun farkon 2023. Amma ina roƙonka kada ka bi shawarar abokinka tukuna, domin akwai abu ɗaya da ya wajaba ka duba kafin ka taɓa komai, kuma rashin duba shi ne yake sa mutane da yawa su ɗauki kwamfuta a jaka su nufi Ikeja da sassafe.

Ka ɗauki faifan ajiyar kwamfutarka, wato had-dis, a matsayin gidan haya mai ɗakuna, kowane ɗaki shi ne abin da masu gyara suke kira fatishan. Windows 7 ce ta fara tarewa, Windows 10 ta zo daga baya ta kama nata ɗakin. Ka san yadda yake a gidajen haya da yawa a nan Legas, inda mitar wutar gidan gaba ɗaya take manne a bangon ɗakin wanda ya fara shiga. Idan aka rushe wannan ɗaki ba tare da an mayar da mita wani wuri ba, duk gidan zai kwana a duhu, ko da ba a taɓa ɗakin kowa ba. To haka ƙananan fayilolin da suke tayar da kwamfuta suke. Sau da yawa wuri ɗaya suke zaune, su ne suke nuna maka zaɓin nan da kake gani idan ka kunna, kuma wadda ta zo daga baya ba ta gina nata daban, sai dai ta rubuta sunanta a cikin na wadda ta tarar.

Na ga wannan da idona a wani shago a Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, shekarun baya. Wani dattijo ya zo da laftof, fuskarta baƙa ƙirin, sai layi biyu na farin rubutu a kusurwar sama: “BOOTMGR is missing”, da umarnin ya danna Ctrl da Alt da Del. Ya danna ya fi sau ashirin kafin ya baro gida, abin da yake gani bai sauya ba. Hannunsa har rawa yake yi, domin lissafin bashin abokan cinikinsa na shekara da shekaru yana ciki. Alhali komai nasa yana nan lafiya lau, ɗansa ne ya goge ɗakin tsohuwar Windows da wata manhaja ta filashi, mitar ta tafi tare da ɗakin. Gyaran bai kai minti goma ba, amma daren da ya yi bai runtsa ba babu mai mayar masa da shi.

Saboda haka ga inda za ka fara. Ka shiga Windows 10, ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta diskmgmt.msc a ɗan akwatin da zai fito. Shafin Disk Management zai nuna maka had-dis ɗinka a shimfiɗe kamar taswira, kuma a ƙarƙashin kowane ɗaki akwai 'yan kalmomi. Biyu daga cikinsu nake so ka nema, kuma ka lura sosai, domin Microsoft ya ba su suna a juye. Ɗakin da aka rubuta wa “Boot” shi ne inda Windows ɗin da kake ciki yanzu take zaune. Wanda aka rubuta wa “System” kuwa shi ne mai riƙe da fayilolin tayar da kwamfuta, wato mai mita. Idan ka ga kalmar “System” a kan wani ɗan ƙaramin ɗaki mai suna System Reserved, wanda Windows 7 kan yi shi megabait 100, ko kuma wani mai suna EFI System Partition, to ka yi sa'a, mitar tana waje, kuma goge ɗakin Windows 7 ba zai shafe ta ba. Sharaɗi kawai shi ne kada ka taɓa wannan ɗan ƙaramin ɗakin, komai ganinka kamar ba shi da amfani. Haka ma wanda aka rubuta wa Recovery, ka bar shi yadda ka gan shi.

Idan kuwa “System” tana kan babban ɗakin Windows 7 ɗin kanta, wanda hakan yakan faru idan mai gyara ya riga ya yanka faifan kafin ya ɗora ta, to sai an yi wa mitar ƙaura. Alamar da za ta tabbatar maka ita ce Windows za ta ƙi yarda ka goge ɗakin, za ka ga Delete Volume da Format sun dusashe ba sa dannuwa. Wannan ƙin ba taurin kai ba ne, kariya ce, kuma kuskuren da mutane suke yi shi ne neman wata manhaja da za ta tilasta abin. Hanyar da ta dace ita ce ka buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa, wato ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta bcdboot C:\Windows /s C: sannan ka danna Enter. Wannan umarni yana kwafo fayilolin tayarwa zuwa ɗakin Windows 10. Daga nan ka koma taswirar, ka danna ɗakin C da maɓallin dama na mawus, ka zaɓi Mark Partition as Active, ka kashe ka sake kunnawa. Idan ka dawo ka tarar kalmar “System” ta koma kan C, aiki ya yi. Wannan dabara ta tsofaffin kwamfutoci ce masu tsarin MBR, wato tsohon salon yanka faifai, kuma sai ɗakin C ya kasance Primary, ba Logical ba. Idan ka rubuta msinfo32 a ɗan akwatin nan na Windows da R za ka ga layin BIOS Mode, wato tsarin da kwamfutar take tashi da shi, in ya ce Legacy to kana cikin wannan rukuni. Idan ka ga Logical a kan C, shawarata ka tsaya nan ka kai wa ƙwararre, ka kuma gaya masa ainihin abin da ka gani.

Kafin duk wannan, ka tanadi abubuwa biyu. Na farko filashi mai aƙalla gigabait 8 wanda aka ɗora wa Windows ta hanyar Media Creation Tool na Microsoft, ka kuma gwada shi ka tabbatar kwamfutar tana tashi da shi, domin shi ne zai cece ka idan ta ƙi tashi, ta hanyar Repair your computer sannan Startup Repair. Na biyu kwafin kayanka a wani faifai na waje. A nan nake so ka ɗan ɓata lokaci, domin mai shagon buga takardu yana da abubuwan da ba ya tunawa da su sai ranar da ya neme su. Ka buɗe ɗakin Windows 7, wanda daga cikin Windows 10 zai fito maka da harafi kamar D ko E, ka shiga jakar Users, ka kwashe Desktop da Documents da Downloads da Pictures. Ka leƙa jakar Fonts da ke cikin jakar Windows, domin idan kana da tsofaffin salon rubutu na Hausa masu ƙugiya, ko na Larabci da kake buga katin ɗaurin aure da na walimar saukar Alƙur'ani da su, a can suke, kuma ranar da suka ɓace tsofaffin takardunka za su buɗe da haruffa a hargitse. Manhajoji irin su CorelDRAW kuwa ba sa ƙaura da kwafin jaka, sai an sake ɗora su, don haka ka nemo lambobin lasisinsu tun yanzu. Sannan ka gwada firinta da sikanarka a Windows 10 ka ga kowanne yana aiki. Na san shagunan da tsohuwar firinta guda ce kaɗai dalilin da ya sa suke riƙe da Windows 7 ba tare da sun ankara ba.

Idan duk wannan ya kammala, ragowar aikin ba shi da wuya. Ka rubuta msconfig a ɗan akwatin nan na Windows da R, ka shiga shafin Boot, ka zaɓi Windows 10 ka danna Set as default, sannan ka zaɓi Windows 7 ka danna Delete. Wannan sunanta kawai yake cirewa daga zaɓin farko, ita kanta tana nan ta tare wurinta. Sai ka koma Disk Management, ka sake tabbatar da harafi da girman ɗakin da kake nufi, ka danna Delete Volume. Wurin zai koma baƙi da rubutun Unallocated.

A nan ne za ka so ka haɗe wurin da C don ta ƙara faɗi, kuma mai yiwuwa ka tarar Extend Volume ba ya dannuwa. Dalili shi ne Windows ba ta faɗaɗa ɗaki sai zuwa filin da ke manne da shi ta hannun dama, alhali tsohuwar Windows, da yake ita ta fara zuwa, galibi tana hagu. Akwai manhajoji irin su GParted da za su iya janyo ɗakin C gaba ɗaya zuwa hagu, amma aiki ne da kan ɗauki sa'o'i a tsohon had-dis, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsaka, batirin tokumbo kuma ya gaza, asarar takan yi muni ƙwarai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni dai abin da nake yi wa kwamfutocin da ke hannuna shi ne in danna New Simple Volume, in mayar da filin sabon ɗaki na ajiya, in kwashe manyan fayiloli daga C zuwa can. Ka sami wurin da kake nema, kuma ranar da Windows ta lalace aka sake ɗora ta, takardun abokan cinikinka suna gefe ba abin da ya same su.

Ka kuma riƙe a ranka cewa wa'adin da Microsoft ya yanka wa Windows 10 ita ma ya cika tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar sabon tsarin tayar da kwamfuta mai suna UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0, waɗanda yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su da su. Ka fara tanadin na'ura ta gaba a hankali.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Idi-Araba. Yayana ya taɓa sa mini Ubuntu tare da Windows. Na goge ɓangaren Ubuntu ɗin, yanzu idan na kunna sai in ga “grub rescue” kawai. Karatuna duk yana ciki.

AMSA: Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata, idan ɗakin Ubuntu kaɗai kika goge, karatunki yana nan. Abin da ya faru ɗan'uwan wanda na bayyana wa Alhaji ne. Lokacin da aka ɗora Ubuntu, wadda ita ma manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB ta karɓi aikin tsaron ƙofa, ita ce take fara tashi ta tambaye ki inda za ki. Rabinta yana farkon faifai, ragowar kuma yana cikin ɗakin da kika goge, shi ya sa take tashi ta nemi sauran jikinta ta rasa.

Ki fara da abu mai sauƙi. Da zarar kin kunna, ki riƙa danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce, har jerin hanyoyin tashi ya fito. Idan kin ga Windows Boot Manager, ki zaɓe shi, za ki shiga Windows nan take. Daga baya ki shiga saitin BIOS, da F10 a HP ko F2 a Dell, ki ɗaga Windows Boot Manager ya zama na farko a jeri, ki adana. Sunan ubuntu zai iya ci gaba da bayyana a ƙasa, ba ya cutar da komai. Idan kuwa babu Windows Boot Manager a jerin, wanda shi na fi zato ganin irin rubutun da kika ambata, to kwamfutarki mai tsohon tsari ce. Ki nemi filashin Windows daga wata kwamfutar, ki tashi da shi, ki zaɓi Repair your computer, sai Troubleshoot, sai Command Prompt, ki rubuta bootrec /fixmbr. Wannan yana sake rubuta ɗan wurin da ke farkon faifai, ya mayar wa Windows ƙofarta, ba ya taɓa fayilolinki. Ki cire filashin ki sake kunnawa.

Abu ɗaya nake jan kunnenki a kai. Idan kika kai ta wurin mai gyara ya ce sai an yi fomat an sake ɗora Windows, kada ki yarda har sai ya gwada waɗannan biyun a gabanki, ko aƙalla ya kwashe miki fayilolinki kin gan su da idonki a wani faifai. Idan kuma kwamfutar tana da kullen BitLocker, za ta iya neman lambar ceto mai alƙaluma 48 bayan an taɓa saitin BIOS, kuma galibi tana ajiye a asusunki na Microsoft, don haka ki shiga ta wayarki ki rubuta ta a takarda kafin ki fara.