Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Dafa Giya Daga Tsabar Sha'ir, Wanne Za A Saya, Wanne Za A Bari?

"Malam, shekarata guda ina haɗa giya a gida da ruwan molt na gwangwani, wato kakkauran ruwan zaƙin tsiron sha'ir da aka riga aka haɗa. Yanzu ina so in koma kan tsabar tsiron sha'ir ɗin kanta. Amma duk hoton da na gani tukwane uku ne jere, ga famfo ga mesa. Sai na tara kuɗin wannan kafin in fara?"

A'a ɗan'uwa, tukunya ɗaya ta ishe ka. Masu tukwane ukun nan sun raba aikin ne kawai: ɗaya ta dafa ruwa, ɗaya ta jiƙo, ɗaya ta tafasa. Aikin kansa bai wuce ka jiƙa ɓarzajjen tsiro a ruwa mai zafin digiri 64 zuwa 68 na awa guda ba, har sitacin cikinsa ya koma sukari, ka tace, ka tafasa ruwan zaƙin na wata awar da furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, ka huce shi, ka zuba yis.

Masu dafawa a gida na ƙasar Ostireliya ne suka yaɗa dabarar jiƙo cikin jaka. Za ka shimfiɗa babbar jakar foliyesta mai shara-shara a cikin tukunya, bakinta ya lanƙwaso waje, ka zuba tsiron a ciki. Awa na cika ka ɗaga jakar, dusa ta fito, ruwan zaƙi ya rage a tukunyar da za ka tafasa shi. Kowane tela zai ɗinka maka ita, ka dai ce ya ninka ɗinkin gindin. Tsiro kilo 5 idan ya sha ruwa nauyinsa na kusan ninkawa, ga zafi, ga ruwan yana ɗiga yana danƙo a hannu. Ka tanadi rariyar ƙarfe da za ka gitta a bakin tukunya ka ɗora jakar ta tsane.

Girman tukunya shi ne inda ba na so ka yi tsimi. Don ka samu lita 19, za ka fara da ruwa wajen lita 28, domin dusa za ta sha nata, tafasa kuma ta kwashe lita uku zuwa huɗu. Ka nemi mai lita 40. Mai lita 30 za ta yi maka ambaliya da zarar kumfa ta taso. Idan murhunka na kicin ne mai ƙaramin ƙarfi, ka raba komai biyu, ka dafa lita 10 a tukunya mai lita 20. Ni ma shawarar da na fi ba sabon shiga ke nan, ko ba komai in ta lalace asarar ba ta da yawa. Babban murhun gas kuwa a waje ake kunna shi, ba a rufaffen ɗaki ba, saboda iskar da yake fitarwa tana kisa kuma ba ta da wari.

"An ce mini tukunyar alminiyam tana ɓata giya. Gaskiya ne?"

Ba ta ɓatawa. Ka fara tafasa ruwa zalla a cikinta kamar rabin awa, cikinta zai yi duhu-duhu, kada ka kankare wannan, shi ne kariyarta. Sitenles ta fi ƙarko kuma ta fi jure sinadaran wanki, in ka samu ta hannu mai kyau ka ɗauka. Abin da za ka guje wa shi ne ƙarfe mai rufin zinki, da tsohuwar tukunyar da aka liƙe da darma.

"Malam, ni da maigidana muka dafa sau biyu. Ta farko ta fito salam kamar ruwa, ta biyu kuma tana warin man goge farce. Yana cewa mu sayi injin nan na lantarki mai yin komai da kansa. Kuɗin da muke da shi kaɗan ne. Ina za mu sa shi?"

'Yar'uwa, ki ce wa maigida ya dakata. Duka matsalolin biyu na zafi ne, kuma ɗaya kawai daga cikinsu injin zai magance.

A cikin tsiro akwai sinadarai biyu masu farfasa sitaci. Ɗaya ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 65, yana ba da sukarin da yis ke cinyewa tas, sai giya ta fito ba jiki. Ɗayan ya fi son wajen 70, yana barin sukarin da yis ba ya iya ci, giya ta yi kauri. Kin ga ashe digiri uku ko huɗu kacal ke raba giyar kirki da ta salam. Na taɓa dafawa sau uku a jere ina zargin tsiro, ashe ma'aunin zafina ne ke ƙara digiri huɗu a kan gaskiya. Ranar da na tsoma shi a kofin ƙanƙara da ruwa ya nuna mini 4 maimakon sifili, na zauna na yi shiru ina tuna sha'ir ɗin da na ɓarnatar. Ku sayi ma'auni mai lamba, mai dogon tsinke, ku gwada shi haka kafin kowace dahuwa. Riƙe zafin jiƙo kuwa ba ya cin ko sisi: a kashe wuta, a rufe tukunya, a naɗe ta da tsohon bargo.

Warin nan na biyu daga wajen tsimuwa yake. Yawancin yis na giyar gida yana son digiri 18 zuwa 20, kuma idan aiki ya kankama shi da kansa yana ƙara wa bokitin zafin digiri biyu zuwa huɗu a kan na ɗaki. Idan ya wuce gona da iri sai ya fitar da wannan wari mai hawa kai. Injin lantarki ba ruwansa da wannan matakin. Tsohon firji da ƙaramar na'urar da ke kunna shi tana kashewa gwargwadon zafi, su ne suka fi cancantar kuɗinku. In ba hali, a tsayar da bokitin cikin bahon ruwa, a riƙa jefa robobin ƙanƙara safe da yamma a kwana huɗun farko. Akwai kuma yis ɗin manoman Norwe da ake kira kveik, wanda ke aiki lafiya lau a sama da digiri 30.

Sai haidiromita, wato ma'aunin kaurin sukari. Bututun gilashi ne mai araha. Idan ya nuna 1.050 a farko ya sauko 1.010 a ƙarshe, ƙarfin giyar ya ɗan haura kashi 5 cikin ɗari. Babban amfaninsa shi ne ku san tsimuwa ta ƙare: in lamba ba ta motsa ba kwana uku, a ɗura. Wanda ya ɗura da wuri, kwalabe ne za su farfashe masa cikin dare.

"Injin ɓarza, bututun sanyaya da tulun gilashi, wanne ne dole?"

Babu. Ka sayi tsiro ɓarzajje, iya na dahuwa ɗaya ko biyu, ka ajiye shi a rufe inda ba laima. Inji sai ranar da ka fara sayen buhu. Lita 10 tana hucewa a bahon ƙanƙara. Idan ka koma 19 ne naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe, wanda ruwan sanyi ke bi ta cikinsa, zai yi maka rana, ka tsoma shi minti 15 kafin ka sauke tukunya don ya tsarkaka.

Tulun gilashi na tsima giya ba na ba kowa shawararsa. Yana da nauyi, yana santsi in ya jiƙe, fashewarsa tana yanka mummunan yanka. Bokitin roba na abinci mai lita 25 zuwa 30, mai lamba 2 a gindi (alamar irin robar), ya wadatar. Shi kam sabo za ka saya, domin ƙwayoyin cuta a cikin ƙarzuwar tsohuwar roba suke ɓuya, kuma da soso mai laushi ake wanke shi. Kwalabe na hannu ba laifi, amma masu ruwan ƙasa, saboda haske yana sa hof wari. Lita 19 na cin kwalba 38 masu rabin lita, marafansu kuma sababbi kowane karo. Ka haɗa da maganin tsarkake kaya wanda ba a ɗauraye shi, kamar Star San ko ruwan aidin na masu dafa giya, ka shafe duk abin da zai taɓa ruwan bayan an sauke shi daga wuta, har cokali da hannunka.